Daga Agege zuwa Kano a tsohuwar Peugeot 504 mai ƙofa biyu: nazarin tafiyar da ta tsaya a Lokoja

Lamarin da zan yi nazari a kansa ya shafi mutum biyu mazauna Agege a Legas, waɗanda suka haura shekara talatin suna abota, da kuma tsohuwar motar da suka ɗauka domin zuwa ɗaurin aure Kano. Na san su duka biyun, na ji labarin daga bakin kowannensu a keɓe, kuma na ga motar kafin tafiyar da bayanta. Mai motar ɗan kasuwar goro ne da ya koma harkar canji, zan kira shi Alhaji. Abokin nasa ya daɗe yana tuƙin haya tsakanin Legas da Arewa kafin ya ajiye sitiyari, zan kira shi Malam, domin haka suke kiran juna ko da su kaɗai ne.

Motar da abin da ya bambanta ta

Duk Bahaushen da ya kai shekara arba'in ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, an fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, kuma ta yi zamani tana aikin gwamnati da aikin tasha har babu garin da za ka rasa bakaniken da ya san cikinta. Sai dai ta Alhaji ba irin wannan ba ce. Ita ce mai ƙofa biyu, wadda aka fitar a 1969, kamfanin Pininfarina na birnin Turin a Italiya ya zana jikinta kuma ya ƙera shi, sannan a kai shi Faransa a ɗora masa inji. Ta fi ta Kaduna gajarta, ta fi ta kusa da ƙasa, kuma ko ƙofa ɗaya ko gilashi ɗaya nata bai yi daidai da na 'yar'uwarta mai ƙofa huɗu ba. An daina yin ta a 1983. Irinta mai silinda shida ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1978, labarin da Alhaji ba ya gajiya da bayarwa, duk da cewa tasa mai silinda huɗu ce, ƙirar 1972.

Bambancin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari yana ƙarƙashin bonet. Fijon da aka saba gani a tasha da kafireto take aiki, shi ke gauraya fetur da iska ya tura wa inji. Ita kuwa wannan tana da famfon injekta na Kugelfischer, ƙirar Jamus, wanda babu kwamfuta a cikinsa ko kaɗan, ƙarafa ne zalla da ke auna fetur su harba wa kowace silinda rabonta da matsi mai ƙarfi, kusan yadda famfon dizal ke yi. Akwai kuma wani famfon lantarki kusa da tanki da ke janyo mai ya bi da shi ta filta kafin ya isa wurin na farkon. Wannan tsari yana da ƙarko matuƙa idan man da ke shiga mai tsabta ne, amma ba ya jure datti, kuma ba ya jure hannun wanda zai murɗa kusoshinsa da ka.

Yadda motar ta zauna a Legas

Alhaji ya sayi motar ne daga magadan wani dattijo, ya kashe mata kuɗi wajen fenti da kujeru, ya ajiye ta ƙarƙashin rumfar kwano a gidansa da tampol a kai. Ranar Lahadi da safe, lokacin da hanya ke da sauƙi, yakan fito da ita ya zaga Ikeja, wani lokaci ya haye gadar Third Mainland ya dawo. A shekarun da ta yi a hannunsa ba ta taɓa wuce Shagamu ba.

Akwai wata ɗabi'a da ya ɗauka wadda a lokacin babu wanda ya ga aibinta. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, ya daina cika tankin, sai dai ya zuba lita goma ko sha biyar, daidai abin da zai ishe shi zagayen Lahadi, yana cewa babu dalilin da zai sa ya jibge kuɗi a tankin motar da ke kwance. Lissafin ɗan kasuwa ne, kuma a fuska babu laifi a cikinsa. Amma iskar Legas cike take da laima, kuma tankin ƙarfe da ba kowa a cikinsa sai iska yana tara raɓa a bangonsa duk dare idan gari ya yi sanyi, wannan raɓa kuwa ita ce ke cin ƙarfen daga ciki a hankali. Man da ke kwance a ƙasan tankin bai taɓa kaiwa ga bangon sama ba, don haka tsatsar ta zauna a inda take, motar kuma ta ci gaba da tashi da bugu ɗaya kowace Lahadi.

Shirin tafiya

Ɗiyar ƙanin Alhaji ce za a aurar a Kano ranar wata Asabar da safe, kuma shi ne waliyyi, tun da mahaifinta ya rasu. Shi ne ya kawo shawarar su je da motar, domin 'yan'uwa su gan ta, kuma ya roƙi Malam ya raka shi saboda sanin hanya. Malam ya amince, amma ya ce su tashi tun Talata. Alhaji ya ce harkokin kasuwa ba za su bar shi ba sai Alhamis, aka tsaya a kan cewa za su kwana Abuja ranar Alhamis, su shiga Kano ranar Juma'a. Hanyar Jebba da Mokwa da Birnin Gwari ta fi kusa, amma dukansu sun kauce mata saboda matsalar tsaro, suka zaɓi ta Ibadan da Akure da Owo da Okene da Lokoja, wadda ta haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba kafin a kai Kano.

A gaskiya ba su yi sakaci da shiri ba. Malam ya duba lambobi huɗun da ke gefen kowace taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, ya tarar sun tsufa duk da cewa zanensu bai cinye ba, ya sa aka canza su har da safaya. An juye baƙin mai, an wanke lagireto, an sauya man birki, an sabunta takardu da inshora, an saka abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya. Ya shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin ya sayo fambel da filogi da tiyon lagireto da ƙaramar filtar roba irin ta Fijon kafireto. Duk abin da direban haya ya san yana tsayar da mota a hanya, Malam ya tanade shi. Tanki ne kaɗai ba wanda ya leƙa, domin a shekarun da ya yi a tasha bai taɓa tuƙa motar da take kwana shida a kwance ba, motar haya kullum tankinta cikin juyawa yake.

Daren Laraba suka cika tankin har baki, karo na farko cikin lokaci mai tsawo.

Ranar Alhamis

Sun fita bayan sallar asuba, suka wuce Berger da kasuwar shanu ta Kara kafin cunkoso ya taru. Babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, mai tsawon kimanin kilomita 127, ta yi musu daɗi, kuma dukansu sun shaida mini cewa wannan shi ne sashen tafiyar da ya biya kuɗin sabulu. Motar ba ta da na'urar sanyaya iska, gilasai a sauke suke, ƙarar injin tana cika cikin motar har sai mutum ya ɗaga murya, Malam kuma yana riƙe da sitiyarin da hannu biyu, yana ja baya sosai daga kowace tirela. Alhaji ya tambaye shi dalili, ya ce, "Alhaji, idan tsakuwa ta fasa wannan gilashin, a ina za ka samo wani? Ba na Kaduna ba ne." A duk gidan man da suka tsaya sai mutane sun kewaye su, dattawa suna gane alamar zakin Peugeot amma suna mamakin siffar, samari suna ɗaukar hoto da waya.

Bayan Owo ne hanya ta soma lalacewa, motar ta shiga girgiza a ramuka, kuma saboda kusancinta da ƙasa sai da Malam ya riƙa bin wasu wuraren a giya ta ɗaya don kada salansa ta bugu. A wani hawa kafin Okene ta yi wata 'yar shaƙewa, kamar mai son tari, sannan ta ci gaba. Malam ya zaci man da suka ƙara a hanya ne ba shi da kyau. A hawa na gaba ta mutu gaba ɗaya. Suka tura ta gefe, suka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a bakin hanya, da suka dawo Malam ya murɗa makulli sai ta tashi kamar babu abin da ya faru. Suka yi tafiyar kilomita kaɗan ta sake mutuwa, suka jira minti goma ta sake tashi. Kowane karo nisan da take yi yana raguwa, kuma daga bayan kujerunsu ana jin famfon lantarkin yana wani siririn kuka da ba ya yi da safe.

Wannan alama, ta mota ta mutu idan an taka ta sannan ta tashi bayan ta huta, tana nuna toshewar hanyar mai: famfo yana zuƙo datti ya manne a bakin filta, idan an kashe inji dattin ya saki ya koma ƙasa, idan an kunna ya sake taruwa. Cikakken tanki ya jiƙa tsatsar da ke bangon sama, ramukan hanya kuma sun kakkaɓo ta. Su dai ba su gane haka ba a lokacin. Malam ya canza filogi, bai yi amfani ba. Da magariba ta gabato, ya ce ba za su kwana a daji ba, suka samu motar janwe ta kai su Lokoja, suka kwana a wani masauki kusa da mahaɗar da matafiya Arewa ke yada zango.

Saɓanin da ya auku

Da safiyar Juma'a aka kawo musu wani matashin bakanike. Ya buɗe bonet, ya ga famfon da bai saba gani ba, nan take ya ɗora masa laifi. Shawararsa ita ce a cire famfon da bututunsa duka, a samo kafireto da mazauninsa daga tsohuwar Fijon tasha a ɗaura, ya kuma yi alkawarin gamawa kafin a sauko daga masallacin Juma'a. Wannan gyara ba baƙo ba ne a garejojinmu, an yi wa motoci masu injekta da yawa shi.

A nan ne abokan suka rabu. Malam ya goyi bayan bakaniken. Hujjarsa ita ce sun fito ne domin ɗaurin aure, saura kwana ɗaya, ga fiye da rabin hanya a gabansu, kuma mota dai abin hawa ce. Abin da ya faɗa, kamar yadda su biyun suka ruwaito mini, shi ne: "Alhaji, ƙarfe ne fa. Yarinyar nan marainiyar ƙaninka ce, kai ne ubanta a gobe. Za ka bar mutane a zaune saboda famfo?" Alhaji ya ƙi. Ya ce idan aka cire famfon nan a gefen titi, ƙananan sassansa za su watse, motar kuma ta tashi daga abin da take ta koma Fijon tasha mai ƙofa biyu, kuma ai bakaniken bai ma tabbatar famfon ne ya lalace ba. Da zance ya yi zafi sai ya ƙara da cewa, "Malam, motata ce." Malam ya ajiye makullin a kan bonet ya koma gindin bishiya ya zauna.

A ganina kowannensu yana da gaskiya a abu ɗaya kuma ya kuskure a wani. Ta fuskar inji Alhaji ne ke kan daidai, domin kama da wane ba ta wane, kuma da an ɗaura kafireton ma da tsatsar tankin ta toshe shi kafin su kai Koton Karfe, an yi asarar famfo a banza. Ta fuskar lokaci kuwa Malam ne ke kan daidai tun ranar da ya ce a tashi Talata. Motar da ta haura shekara hamsin, wadda ba ta taɓa yin tafiyar awa uku a jere ba a hannun mai ita, ba a ɗora mata alkawarin da ke da rana da sa'a ba tare da an bar kwana biyu na ko-ta-kwana ba. Shirin kwana Abuja a rana ta farko, tafiyar fiye da kilomita 700, shiri ne na sabuwar mota.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka fito daga Legas ba tare da sun san matsayin kowa a cikin motar ba. Alhaji ya gayyaci Malam a matsayin aboki, sai dai a zuciyarsa yana kallon sa a matsayin wanda zai tuƙa. Malam ya karɓi gayyatar a matsayin aboki, sai dai a zuciyarsa ya ɗauka shi ne madugu, tun da shi ya san hanya, shi ya shiga Ladipo, shi ya zaɓi inda za a sha mai. Muddin motar na tafiya, waɗannan fahimtoci biyu ba su ci karo ba. Da ta tsaya, sai tambaya ta taso ta wanda ke da maganar ƙarshe, kuma kalmar "motata ce" ta yi wa Malam zafi ne saboda ta mayar da shi direban da ya daina zama shekaru da suka wuce. Kunya irin tamu ita ce ta hana su tattauna wannan tun a Agege, domin aboki ba ya son ya ce wa aboki, idan abu kaza ya faru wa zai yanke hukunci, kada a ga kamar yana yi wa tafiyar mugun baki. Haka ma batun kuɗi: Malam ne ya biya mai janwe daga aljihunsa a daren Alhamis, bai faɗa ba, Alhaji bai tambaya ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke cin sa a gindin bishiyar.

Yadda aka warware

Wani mai shayi Bahaushe da ke kusa, wanda ya ji duk abin da ya gudana, shi ne ya ce akwai wani dattijon bakanike a cikin gari da ya yi aikin Fijo tun zamanin da take tashe. Aka ɗauko shi a babur. Bai taɓa famfon injekta ba. Ya sa aka kunna makulli ya saurari kukan famfon baya, sannan ya kwance tiyon da ke fitowa daga tanki ya tara fetur a cikin wata farar roba ta ruwan sha da aka yanke. Bayan minti ɗaya ya ɗaga robar ya nuna musu: man ya yi ja kamar shayin da ba madara, ga wani gari-gari mai launin ƙasa kwance a gindinta. Ya ce sai an sauke tanki, an wanke, an shanya, an busa bututun, an samo filtar ƙarfe da za ta jure matsin famfon, domin ta robar da Malam ya sayo ba don wannan aikin aka yi ta ba. Ya ce ba zai gama ba sai Asabar da yamma, kuma ba zai yi alkawarin da ya fi haka ba.

Sai lamarin ya juya ta inda babu wanda ya tsara. Alhaji ne waliyyi, dole ya tafi, kuma babu wanda zai bar wa motar sai mutumin da ya gama faɗa wa cewa ba tasa ba ce. Ya je gindin bishiyar da makullin a hannunsa ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da maganata. Ga ta nan, duk abin da ka ga ya dace ka yi." Malam ya karɓa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Alhaji. Ka gai da amarya." Bayan Juma'a Alhaji ya shiga motar haya zuwa Abuja, daga nan ya hau jirgi, aka ɗaura aure yana wurin.

Malam ya zauna a Lokoja kwana biyu. Ya tsaya a kan aikin, ya ga an zuba tsakuwa da fetur a cikin tankin ana jijjigawa ana zubarwa har sau da dama kafin abin da ke fita ya yi fari, kuma da matashin bakaniken farko ya dawo yana sake tallan kafiretonsa, Malam da kansa ne ya sallame shi. Ya ce mini a lokacin jiran ne ya ziyarci makwancin sarakunan Arewa da Turawa suka kai gudun hijira garin, cikinsu har da Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a can a 1926, wurin da ya wuce ta gefensa sau ɗaruruwa yana tuƙin haya bai taɓa tsayawa ba. Ranar Lahadi ya tuƙa motar shi kaɗai ya kwana Kaduna, da filta guda biyu a but, ya canza ɗaya a Zariya, ya shiga Kano ranar Litinin bayan an gama biki an watse.

Dawowa sun yi ta tare cikin kwana uku, suna kwana Abuja da Akure, ba sa tafiya bayan la'asar sakaliya. Kafin su bar Kano Alhaji ya tambayi kuɗin janwe da na masauki da na dattijon bakanike ya biya, Malam ya karɓi na janwe da na bakanike ya ƙi karɓar na masauki. Da suka iso Legas an sake sauke tankin aka shafe cikinsa da maganin hana tsatsa, kuma yanzu a cike yake kwana ƙarƙashin rumfar. Robar nan da aka yanke, da busasshen garin tsatsa a gindinta, Malam ya taho da ita, tana kan tagar shagonsa a Agege.